Kwana Biyar Tsakanin Lugu da Tibiri

Shekara 14 na yi ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a wata kwaleji ta garin Dogon Dutsi kafin ƙafata ta taka Lugu. Da kunya nake faɗin wannan magana, domin kowace shekara sai na tsaya gaban allo na ba yara labarin Sarauniya Mangu da yaƙin da ta yi da sojan Faransa a 1899, in zana musu taswira, in yi musu jarrabawa a kai, har in rage makin wanda ya manta shekarar. Alhali kuwa garin yana nan arewa da mu, tafiyar da ba ta kai yini ba. Abin da ya sa na je daga baya, da abin da muka gano a hanya ni da iyalina, shi nake so in ba ku labari a wannan mako, musamman ku ƴan'uwana ma'aikata da ƴan kasuwa, waɗanda "ba ni da lokaci" ta zame muku gaisuwa kamar yadda ta zame mini a da.

Yinin mushe

Wanda bai taɓa riƙe alli ba, gani yake babu mai hutu kamar malamin lakwal: ga Lahadi, ga hutun ƙarshen shekara, ga babban hutu na wata uku tun daga Yuli har Satumba. To bari in buɗe muku cikin abin.

Daga sallar asuba ba na komawa shimfiɗa. In sha kunu, in tada babur, ƙarfe 8 ta same ni cikin aji. A shekarar da nake ba ku labari azuzuwa huɗu nake riƙe da su, kowanne da yara sama da 70. Ɗaya daga ciki rumfar zana ce, irin wadda ba a iya kafawa sai an girbe hatsi an samu kara. In hunturu ya busa, ƙura ce ke fara rubutu a littafin yaro kafin alƙalaminsa. Jarrabawa ɗaya tak in na yi, takarda wajen 300 ke biyo ni gida, kuma kowace sai an karanta ta da jan biro, don bayan kowace takarda akwai uban da ya sayar da awon hatsi ya sayi kayan karatu. Da la'asar in koyar da ƴaƴan masu hali a gidajensu don a cike gurbin albashi. Da dare in shirya darasin gobe. Asabar ta taro ce da suna da ta'aziyya. Babban hutun kuwa, farkonsa gyaran takardun brebe ne, sauransa na gona ne, domin a ƙasar Arewa ma'aikacin da ba ya noma, buhu zai yi ta saye har albashi ya ƙare.

Ɗan abin da ya rage na shaƙatawa shi ne fada. Bayan isha'i mukan zauna ƙofar gidan wani abokin aiki, a ɗora shayi, a kunna rediyo, a yi gardamar kokowa da ta farashin wake. Ko can ɗin ma sau da yawa da ƙunshin takardu nake zuwa a hammata.

Haka nake har watan Disamba na 2017, sa'ad da abu biyu suka same ni cikin mako guda. Na farko, ɗiyata mai shekara 11 tana bitar darasinta da dare, sai ta ɗaga kai ta ce: "Baba, Lugun nan, gidajen ƙasa ne ko na kara?" Na buɗe baki, na rasa abin faɗi. Na biyu, mahaifiyata da ke wani ƙauye kusa da Tibiri ta aiko da ƙunshin gujiya, tare da saƙo ta bakin mai mota: a gaya wa mutumen lakwal, in ta gamu da autansa a kasuwa ba za ta gane shi ba. Yaron yana da shekara huɗu, rabonta da shi tun ranar suna. Uwargida ta ji saƙon, ta yi shiru har yara suka kwanta, sannan ta ce: "Malam, ɗiyan mutane 300 sun san fuskarka. Naka huɗu, ƙeyarka suka sani." Gaskiya ta faɗa, don kullum a duƙe suke ganina.

Ranar da aka ba da hutu na kulle takardun cikin akwati, na ƙirga jikka 40 da na tara daga karatun la'asar, na ce wa iyali a ɗaura kaya.

Kan dutse

Tafiyar ranar farko ba ta ci ko dala ba. Da sanyin safiya muka hau dutsen da ya ba garin sunansa, wanda matafiyi daga Yamai, bayan kilomita 270 da ƴan kai, yake hangowa ya san ya iso. Yarana an haife su a gindinsa, amma babu wanda ya taɓa hawa, ni ma rabona da samansa tun ina ɗan makaranta.

Daga can sama ne mutum yake gane ƙasar nan. Ga tudu mai jan marmara ya miƙe ta gabas, samansa a baje kamar faifai. Ga kwari mai faɗi ya taho daga arewa ya nufi kudu, cike da gawo da gonakin da aka girbe. Wannan kwari shi ne Dallol Mawri. Na gaya wa yara cewa kogi ne a zamanin da, dubban shekaru da suka wuce, lokacin da Sahara take samun ruwan sama; kogin ya ƙafe, amma ruwansa bai tafi duka ba, yana nan kwance ƙarƙashin yashi har zuwa inda kwarin ya sadu da kogin Kwara a wajen Gaya. Shi ya sa rijiyar cikin kwari ba ta da zurfi, ta kan tudu kuwa sai igiya ta yi tsawo. Shi ya sa kuma garuruwan Arewa suka jeru cikin kwarin kamar tsakiya a zare. Na nuna musu koramun da ke zubo ruwan damina daga tudu su afka wa gari, da shingayen duwatsu da aka yi don rage musu ƙarfi, da Tapkin Saw, da koren lambunan rani inda ake noman dankalin Turawa da ya sa sunan Dutsi ya kai kasuwannin Yamai.

Babban ɗana, wanda makinsa na labarin ƙasa bai taɓa faranta mini rai ba, ya tsaya yana kallo, can ya ce: "Ashe shi ya sa unguwarmu ke cika da ruwa." Abin da na kasa sa masa a kai cikin shekara biyu, dutse ya sa masa cikin rabin sa'a. Gani ya kori ji.

Matankari da Lugu

Washegari muka shiga motar kasuwa zuwa Matankari, ƙasa da kilomita 20 arewa da Dutsi. Wanda ya ga garin yau ba lalle ne ya san cewa nan ne tsohuwar fadar Sarkin Arewa ba, kafin Turawa su mai da mazaunin mulki Dogon Dutsi a farkon ƙarni na 20. Wani abokin aikina ya sauke mu a gidansa, ya kuma kai mu wurin wani dattijo mai zane biyu a kowane kunci, daga gefen baki har kunne, irin na Arawa. Shi ya ba yara labarin da kakanni suka bari: cewa Gubawa ne ƴan ƙasa na farko, masu riƙe da al'amuran daji da ruwa da gona, daga baya wani ɗan sarkin Barno mai suna Ari ya zo, zuriyarsa ta karɓi sarauta, aka kira su Arawa, ƙasar kuma Arewa. Ɗiyata ta dube ni da mamaki, don ita a zatonta sunan ƙasarmu kishiyar kudu ce kurum. Zabarmawa kuwa Mawri suke kiranmu, daga nan kwarin ya samo sunan da ke cikin taswira.

Daga Matankari zuwa Lugu babu kwalta. Muka yi shatar wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya. Sau biyu tana kafewa cikin yashi, sau biyu muna sauka, ni da mai motar da babban ɗana, muna tona ƙarƙashin taya muna shimfiɗa rassan sabara. Uwargida ta zauna a inuwa tana raba wa ƙanana ƙuli-ƙuli, tana yi mini dariya, wai yau jan biro bai yi rana ba.

Ɗiyata ta samu amsar tambayarta da idonta. Lugu ƙaramin ƙauye ne a gindin duwatsu, yawancinsa bukkokin kara da ciyawa, shiru kamar ba nan ne aka yi abin da ke cikin littattafai ba. A nan ne, ranar 16 ga Afrilu 1899, rundunar Kyaftin Voulet da Chanoine, wadda ta taho daga bakin Kwara tana ƙone garuruwa a kan hanyarta ta zuwa tafkin Cadi, ta gamu da mutanen da suka ƙi buɗe mata hanya. Masu kibiya suka tari masu bindiga. Turawa sun ci garin, amma sun bar gawar sojansu huɗu, wasu shida sun ji rauni, Sarauniya da jama'arta kuwa suka shige cikin duwatsu da kurmi, ba a kama ta ba. Rundunar ta wuce ta yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla a watan Mayu. A watan Yuli na shekarar, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da Faransa ta aiko ya tsayar da shi, kwanaki kaɗan bayan haka shi da Chanoine suka mutu a hannun sojansu, a wajen Maijirgi ta ƙasar Tasawa. Duniya ta san wannan labari ta littafin Abdoulaye Mamani mai suna Sarraounia, na 1980, da fim ɗin da Med Hondo ya yi a kansa a 1986, wanda ya ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu a 1987.

Abin da littafin aji bai gaya wa yara ba shi ne, Sarauniya sarauta ce, Mangu ɗaya ce daga cikin waɗanda suka riƙe ta, kuma sarautar ba ta yanke da yaƙin ba. Muka tuɓe takalma, wani dattijo ya yi mana iso, muka gai da mai riƙe da ita a lokacin daga bakin ƙofar bukkarta, ta amsa da murya ƙasa-ƙasa. Dattijon ya ba mu labarin Tunguma, dutsen da mutanen ƙasa suke kai wa ƙara tun zamanin da, da yadda ake zaɓen sabuwar Sarauniya ta hanyar tarkama, wato a ɗauki gawar wadda ta rasu, inda ta nufa nan magajiya take. Mu tarihi ya kai mu, kowa da addininsa, amma ladabin baƙo ɗaya ne ko'ina. Da muka fito na tambayi yara abin da suka gani. Ɗiyata ta ce: "Baba, mutanen da suka tare Turawa, talakawa ne kamar su Inna." Tun ranar, da wannan magana nake buɗe darasin.

Hanyar kudu

Kwana muka yi a Matankari, rana ta uku muka komo Dutsi muka kama babbar hanyar da ta nufi Doso. A Kore Mairuwa muka sauka, garin da motocin dogon zango ke tsayawa a sayi nama da rake, daga nan muka karkata kudu zuwa Tibiri. Masu karatu na gabas su lura, ba Tibirin Gobir ta kusa da Maraɗi nake nufi ba; wannan Tibirin Arewa ce, wadda ake kiran sarkinta Samna. A da tana ƙarƙashin Dogon Dutsi, sai a 2011 aka yanke ta ta zama gunduma mai zaman kanta, ta haɗa Tibiri da Kore Mairuwa da Gesheme da Dumega. A Dumegar nan ne aka binne Janar Ibrahim Bare Mainasara, wanda ya mulki Nijar daga 1996 har aka kashe shi ranar 9 ga Afrilu 1999.

Kwarin nan dai shi ne wanda muka hanga daga kan dutse, amma nan ya sake kama. Ƙasa ta fi laima, itace ya fi yawa, ga fadamu da rake da rogo da mangwaro, ga giginya ta fara bayyana jefi-jefi, alamar an doshi kudu. A kasuwa naira da sefa suna tafiya hannu da hannu, don iyaka tana nan kusa ta gabas. A hayinta akwai Kangiwa ta jihar Kabi, inda ƙaramar hukumar ma sunanta Arewa Dandi. Harshe ɗaya, zane ɗaya, aure ɗaya. Babban ɗana ya tambaye ni wa ya raba. Na gaya masa cewa a yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka yi a 1898, tsakiyar Dallol Mawri ce iyaka, sannan aka zana da'ira mai nisan mil 100, wato kamar kilomita 160, kewaye da Sakkwato. Da Faransa ta ga an bar ta da hanyar da babu rijiyoyi tsakanin Kwara da Damagaram, sai ta nemi gyara, aka sake shata iyakar a 1904 da 1906. Da ba a yi wannan gyara ba, da wani sashe na mutanen da muke gaisawa da su a kasuwar nan Ingilishi ƴaƴansu suke koyo a lakwal. Ƴan kasuwa sun fi kowa sanin nauyin wannan layi, don sun ɗanɗana shi sa'ad da Najeriya ta rufe iyakarta a 2019, da kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023.

Gidan Inna

Amalanken shanu ne ya ƙarasa da mu ƙauye, ana kiran magariba. Inna tana zaune bakin rumbu tana ɓarar gujiya. Ni ɗan fari ne, don haka ko kallona ba ta yi ba, balle ta ambaci sunana. Ta amsa gaisuwata tana duban ƙasa, kamar yadda al'ada ta gada. Amma da ta ga auta sai ta ture ƙwaryar ta miƙa hannu: "Wanga shi ne angon nawa? Ka taho ba ko goro, mi za ka ba ni?" Yaron ya ɓuya bayan uwarsa. Ta juya ga ɗiyata: "Ke kuma kishiya, kin iya daka ko sai riƙon biro?" Kafin a gama tuwo, angon yana kan cinyarta yana cin gujiya daga hannunta.

Kwana biyu muka yi. Ba mu ziyarci wani wurin tarihi ba, ba mu kashe ko jikka ɗaya ba. Yara suka koyi jan guga, suka ga rijiyar da igiyarta ba ta kai gaba uku ba, suka tuna abin da na faɗa a kan dutse. Suka bi awaki zuwa gindin gawo, inda ƙanena ya nuna musu itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya kuma yi kore da rani ya ciyar da dabba. Da dare Inna ta jera musu sunayen kakanni har bakwai, ta gaya musu wace gona ce ta wa, da yadda aka ci ganye da dusa a yunwar 1984. Ni kuwa na kwanta a tabarma ƙarƙashin rumfa na yi barcin rana, abin da na manta yadda ake yinsa. Da na farka na ji kaina wasai, har darussa uku suka zo mini a rai ba tare da na neme su ba.

Ranar komawa, ta raka mu har bakin gari. Nan ma ba ta dube ni ba. Ta ce wa uwargida: "Ki gaya wa mutumen ga, takarda ba ta zuwa jana'iza." Muka hau amalanke, babu wanda ya yi magana har muka kai Tibiri.

Abin da ya rage

Da na buɗe akwati a Dutsi, takardun suna nan yadda na bar su, babu wadda ta ruɓe. Cikin kwana uku na gama gyaransu, da hannu mai sauƙi fiye da na kullum. Daga jikka 40 har da canji muka dawo, kuɗin da bai kai na ɗinkin sallar gida ɗaya ba.

Inna ta rasu da daminar 2020. Tsakanin wancan hutu da rasuwarta mun koma sau biyar, kuma auta, wanda yanzu ya shiga kwaleji, in ya ga gujiya har yau "matata" yake tunawa. Hanyar arewa kuwa ta sake. A shekarun da suka biyo baya rashin tsaro ya taɓa yankunan da ke arewacin gundumar da bakin iyaka, ta yadda mai niyyar zuwa can sai ya tambayi mutanen wurin da hukuma kafin ya ɗauki iyali. Abokan fada da suka ce mini su ma za su kai nasu yaran Lugu "in an samu lokaci", da yawansu har yau ba su je ba. Da na ƙara jinkiri kaɗan, da ni ma ina cikinsu, da kuma autana bai san fuskar kakarsa ba.

Aikin bai ragu ba, yara ma ƙaruwa suke yi. Abu biyu kawai na sake. Kowace shekara, in hunturu ya shigo, nakan hau dutse da aji ɗaya mu yi darasin Dallol a can. Ranar Lahadi kuma daga azahar jan biro yana cikin akwati, ko da sufeto ne zai zo Litinin.

To ɗan'uwa, ko kana bayan tebur a ofis ko kana bakin kanti a kasuwa, ba na ce ka je Makka ko Kwatano da iyali ba, wannan sai mai hali. Amma kowannenmu yana da dutsen da bai hau ba a bayan gidansa, da tsohuwar da ke ƙirga watanni a ƙauye. Kira ta salula yana kai murya, ba ya ɗora jika a cinya. Magabata sun ce zumunci a ƙafa yake, sun kuma ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Hutun da ke tafe, ka rufe littafin lissafi kwana uku, ka ɗauki yara ka nuna musu inda suka fito.

Allah shi jiƙan magabatanmu, shi zaunar da ƙasarmu lafiya, shi buɗe hanyoyin da suka rufe. Sai wani mako, in mai duka ya kai mu.